Muryar Bayan Asabari

Ranar Juma'a aka kashe Husaini direba, liman yana kan huɗuba, cikin daminar 1974. Kafin a aiko caji ofis a kira ni har an yi la'asar, kuma matan Unguwar Shanu sun riga sun yi mini ɓarnar da aka saba yi mini: sun share tsakar gida fes, sun wanke jini da ruwan sabulu, sun shimfiɗa tabarmi saboda masu zuwa gaisuwa. Sunana Rabe. Shekara ashirin ina bin sawu, tun ina ɗan doka a ƙasar Giwa ina farautar ɓarayin shanu, kuma har yau ban ga abin da ya tsane ni kamar tsintsiya ba.

Na tarar da gawar an rufe ta da zane, na ɗaga. Sara biyar na gani, na adda, kuma na hannun da ya saba da nama. Ɗaya ya raba kafaɗa, ɗaya ya cire yatsu biyu na hannun da ya kare kansa da shi, na wuya kuwa fata ce kawai ta riƙe kan. Zazzaɓi ne ya hana shi zuwa masallaci. A bakin makewayi aka same shi, butarsa na gefe ko zubewa ba ta yi ba. Matarsa Dije ta ji motsi ta fito, aka tsaga mata fuska daga kunne zuwa gefen baki, aka sari damtsenta na dama har ƙashi, aka bar ta a kan ta mutu. Sauran matan haya sun tafi bikin suna Unguwar Kanawa, da suka dawo suka same ta da sauran numfashi, aka yi asibiti da ita. 'Yarsu Amina mai shekara uku tana barci a ɗaki aka yi komai aka gama.

Unguwa kuwa ta riga ta yanke hukunci. A makon da ya wuce motar Husaini ta yi baya ta murƙushe garwar wani mai sayar da ruwa, Sabo, shi kuma ya ce a gaban jama'a sai ya ga bayansa. Don haka aka kamo Sabo a bakin famfo, aka farfasa masa baki da sandar garwarsa, aka karya masa haƙarƙari, aka ɗaure shi a jikin turken lantarki. Har an kawo kananzir, sai mai gidan hayar, Alhaji Sambo dillalin shanu, ya shiga tsakani ya ce a ji tsoron Allah a bar wa hukuma. Ranar ba bakin da bai sa masa albarka ba, har da nawa.

*

Tunda an share gaba, sai na zaga baya. Akwai wani siririn lungu bayan katangar makewayi, inda ruwan wanka ke kwanciya, ƙasar wurin kamar kwaɓin gini. Ba mai bi ta nan sai awaki.

A nan na durƙusa na karanta abin da aka bar mini. Mutum ya zo daga wajen titi da takalmi sau-ciki, mai sabon dunduniya. Ya tsaya gindin wani dutse, ya zauna, ya cire. Daga nan sawun ƙafa tsirara ne har jikin katanga, sannan ga shi ya diro ya dawo, takun ya fi faɗi saboda sauri. Ya sake zama a dutsen, ya goge ƙafa da ganyen tumfafiya, ya mayar da takalminsa, ya nufi hanyar masallaci inda sawun dubban mutane ya haɗiye nasa. Wato ya zo yanka mutum, amma yana tausayin takalminsa kada ya ɓaci.

Sawun hagu ne ya tsayar da ni. Yatsu huɗu ne, babu babban. Na kife wani fasasshen kasko a kai, na zauna gadinsa har mai hoto ya zo.

Sabo na tarar a caji ofis, a bayan kanta, yana tofar da jini. Na ce ya miƙo ƙafa.

"Baba, wallahi baki ne kawai," ya ce, maganar na fita da iska ta gurbin haƙoran. "Ni da ko kaza ba na iya yankawa."

Yatsunsa goma cif, kuma ƙafar ta faskare, ba ta taɓa kwana cikin sau-ciki ba. Na gaya wa Sufeto. Ya ce in ya saki Sabo yau unguwa za ta ƙone shi gobe, kuma shi dai yana da mai laifi a hannu, ni kuwa hoton laka nake da shi.

Kwana uku ina tsugune a wurin alwala ina kallon ƙafafun mutane, har wani ladan ya tambaye ni ko lafiya. Na sami mutum ɗaya, Bello mahauci, mai zama a zauren Alhaji Sambo, da guntun yatsa. Na yi murna na rabin yini. Ashe ƙafar dama ce, ƙaramin yatsa, kuma mutum bakwai sun rantse a sahun gaba ya yi Juma'a.

*

Ranar Talata wani saurayi mai kwat ya shigo caji ofis yana goge gumi. Labaran ne, lauyan gwamnati mai gabatar da ƙara, Bakano. Mun saba, yakan ce Zage-zagi ba su iya komai ba sai kallon ƙasa, ni kuma in ce Kanawa ko gaisuwa sai sun yi ciniki. Ranar bai tsokane ni ba. Idonsa ya yi ja kamar wanda bai yi barci ba.

"Baba Rabe, Husaini shaidata ne," ya ce. "Ranar Litinin ɗin nan da ta wuce ya kamata ya tsaya a kotu."

Ya ba mu labari. An yanka makiyaya biyu a hanyar Birnin Gwari, aka kore shanunsu, aka yi hayar motar Husaini ta kawo su Kaduna bai san na sata ba ne. Da ya gane, shi ya kai kansa. Ya ce akwai babban mutum da ya karɓi shanun, amma ba zai faɗi sunansa ba sai a gaban alƙali. Labaran ya lallashe shi, ya ce ya koma gida ba abin da zai same shi.

"Na kira masinjan da ya kai masa sammaci. Na ce a hannun wa ka ba da? Ya ce Husaini yana kan hanya, don haka ya bari a zaure, wurin manyan gida, kamar yadda ake yi." Ya matse baki. "Ni na kashe shi, Baba. Da ƙafata ya kamata in kai."

Sufeto ya miƙo masa bayanin Dije don ya kwantar masa da hankali. An ɗinke ta, an dawo da ita ɗakin mijinta tun Lahadi saboda takaba. Bayanin ya ce ba ta ga fuska ba, amma tsawon mutumin kamar na Sabo.

Labaran ya karanta sau biyu. "Yallaɓai, kai ka ji muryarta?"

"Haba Lauya, mace mai takaba, ga ɗinki a baki? Ai ba mu da rashin ta ido haka. A bakin ƙofa muka tsaya, tana bayan asabari. Alhaji ya zauna kusa, yana kara kunne yana gaya mana abin da ta ce. Mutumin kirki, marainiyar ma a cinyarsa take har muka gama, yana shafa mata kai."

Ni kaina ina wurin ranar, kuma abin ya burge ni. Sai da na ji shi daga bakin wani na ga abin da ban gani ba.

"Kana nufin Alhaji?" na ce. "Shi fa ya hana a ƙone Sabo. An ga fitarsa masallaci, an ga dawowarsa."

"Ban ce shi ne ba. Mutum biyar ke zama a zauren nan, kowa ya ga sammacin. Abin da na ce, har yanzu ba wanda ya ji Dije. Kuma ba zan tambaye ta komai a gidan nan ba. Na tambayi mijinta na bar shi inda amsar za ta kashe shi, ba zan sake ba."

*

Labaran yana da yaya mace, Kulu, ma'aikaciyar jinya, gwauruwa mai faɗa, tana zaune a Unguwar Kanawa. Ita ya tura da sunan wankin ciwo. Ba namijin da zai bi malamar asibiti ɗakin mai takaba, don haka ta sami Dije ita kaɗai.

Kulu ta dawo ta same mu a ofishinsa, ta ajiye jakarta da ƙarfi.

"Yarinyar nan ba ta cin abinci. Duk kwanon da aka aiko daga cikin gida sai ta juye a masai. Ruwan da na kai mata ta shanye kamar ta haɗiye kofin. Ban tambaye ta suna ba, kamar yadda ka ce. Na dai ce mata akwai wurin kwana a gidana. Ta kama hannuna da na hagu, ta ce Amina fa? Tun ranar Lahadi ba a bar 'yar ta kwana wurinta ba, wai kada ta fama mata ciwo. Sannan ta ce in ta bar ɗakin miji cikin takaba, Allah zai kama ta?"

Wannan tambayar ce ta tayar da Labaran daga kujera. Ya tafi wurin wani tsohon malami da unguwa ke girmamawa, ya zauna a ƙasa da kwat ɗinsa, ya tambaya ba tare da ya ambaci kowa ba. Malam ya ce mai takaba in ta ji tsoro a kan ranta ta tashi ta ƙarasa a inda take da aminci, kuma fita don ba da shaida ba ta ɓata mata komai. Labaran ya sa ya rubuta da ajami, Kulu ta kai mata cikin ƙullin bandeji. Dije ta yi allo, ta karanta da kanta.

Muka sa ranar sadakar bakwai don fitar da ita. Ranar mata ke shiga da fita kamar kasuwa, kuma ba mai duba fuskar da ke cikin mayafi.

"Yarinyar fa?" na ce.

Kulu ta harare ni. "Kai dai ka ji da ƙasarka. Ka taɓa ganin an tsayar da mace an tambaye ta 'yar wa ta goya?"

*

Da hantsi aka cika ƙofar gida. An shimfiɗa tabarmi a rumfa, malamai a gaba, Alhaji Sambo a tsakiya cikin farar malum-malum, mutanen zaurensa a gefensa: Bello mahauci, wani tela, da dillalai biyu. Ana cikin salati na ga ayarin mata sun fito daga zaure, ta tsakiya tana tafiya a hankali, hannu ɗaya a cikin mayafi. A bayanta Kulu ce, da goyo, tana ta masifar an taka mata zane. Suka sha kwana inda motar Labaran take. Sai a lokacin na saki numfashi.

Saura nawa aikin. Na gaji da kallon ƙafa, domin mai kuɗi ba ya alwala a bakin titi. Amma kowa, komai girmansa, a bakin tabarma yake barin takalminsa. Na sunkuya ina jujjuya su suna kallon waje, kamar mai neman lada. Yawanci silifa ne da na taya. Sau-ciki ƙafa biyar ne kawai, kuma kowanne sai na zura hannu a na hagu. Na huɗu baƙi ne, ya sha mai, dunduniyarsa sabuwa. Can ciki, inda babban yatsa ke zama, na taɓa wani abu mai laushi. Na jawo. Dunƙulen auduga ne, ya daskare da gumi, ya ɗauki siffar yatsa.

Na taka tabarma da takalmin a hannuna, abin da ko mahaukaci ba ya yi. Addu'a ta tsinke.

"Na wane ne wannan?"

Idanu suka tafi wuri ɗaya. Sai a lokacin na kalli ƙafar Alhaji da kyau. Safa ce fara. Kullum da safa yake, rani da damina, mutane suna cewa tun da ya dawo daga Makka ya ɗauki wannan ɗabi'a.

"Alhaji, a taimaka a cire safar hagu."

"A ƙofar gidana, Rabe? Ranar sadakar mamaci?" Ya juya ga malamai yana murmushi. "Kun ga abin da hukuma ta koma."

Wani tsohon dillali daga baya ya ce, kamar mai magana da kansa, "Ai bijimi ya taɓa take shi a kara, kasuwar shanu, shekarun baya. Har aka kwantar da shi."

Ban ga fitowar wuƙar ba, sai zafinta. Daga ƙarƙashin riga ya zaro ta, ya tsaga mini hannu daga gwiwa zuwa wuyan hannu, jini ya yi tsartuwa a kan faifan waina. Na zaci titi zai nufa. Cikin gida ya ruga, kai tsaye ɗakin Dije. Na bi shi ina riƙe da hannuna. Ya sari asabarin ya rabe biyu, ya faɗa ciki yana cewa, "Na gaya miki in kika buɗe baki."

Kuratan 'yan sanda biyu ya tarar zaune a bakin gado, waɗanda Labaran ya roƙa aka shigar ta katangar baya. Ya yanke wa na farko kunne kafin na biyu ya sauke masa kulki a wuyan hannu. Na ji ƙarar ƙashin. Bai daina ba, ya kama maƙogwaron yaron da ɗaya hannun, sai da na zuba masa turmi a gadon baya ya faɗi. A kokawar safar ta zame. Yatsu huɗu ne, da wani tsohon tabo mai sheƙi.

Kafin mu fito da shi tsakar gida ta cika. Su ne dai mutanen da suka fasa bakin Sabo, da sandunansu, har wani yana tambayar ina kananzir ɗin ranar nan. Labaran ya dawo, ya tsaya a bakin ƙofa, siriri da shi kamar kara.

"Wanda ya taɓa shi, da kaina zan gurfanar da shi," ya ce. "Kun yi naku hukuncin ranar Juma'a, ga shi can ba haƙora. Akwai wadda ta fi ku haƙƙi a kan mutumin nan, kuma ba ta yi magana ba tukuna."

*

An saki Sabo da yamma. Labaran ya kai shi asibiti, ya kuma rubuta sunayen waɗanda suka doke shi.

Dije ta ƙarasa takabarta a gidan Kulu, da kurtu a ƙofa. Labaran bai matsa mata ba. Yakan zo ya zauna a tsakar gida, Kulu na gefe, ya gaya mata inda aka kwana: an ƙi belin Alhaji, an sa rana, an aika wa dangin Husaini a Zamfara. Sai a zuwa na huɗu ta ba da labarin, kuma da ta tsaya kuka bai ce ta yi sauri ba.

Ana saura kwana biyu shari'a ya kai ta kotun da yamma, ba kowa sai mai shara. Ni na raka su. Ya nuna mata inda za ta tsaya, inda Alhaji zai tsaya da ankwa, ƙofar bayan da za a shigo da ita, da bencin da Kulu za ta zauna da Amina inda za ta riƙa ganinsu. Ya gaya mata lauyan Alhaji zai ce ƙarya take, kada ta ji tsoro, aikinsa ke nan.

"Wannan kujerar fa?" ta tambaya. Tun da aka cire ɗinkin maganarta ba ta wuce raɗa.

"Ta tafinta ce. Alƙalin ba ya jin Hausa sai ta gaisuwa. Ke za ki faɗa, shi ya mayar da Turanci."

Ta ja baya har ta bugi benci. "Wani ne kuma zai faɗa a madadina?"

Labaran ya matso kusa da ita. Sannan ya ce, "Malama Dije, ina jin harsunan biyu. In ya sauya miki kalma ɗaya zan miƙe. Kuma wannan karon ba asabari. Kowa zai ji ki kafin ya ji shi."

Ranar shari'a kotu ta cika har tagogi. Lauyan Alhaji ya ɗaga tsohuwar takardar caji ofis, ya ce ba ita ce ta ce ba ta ga fuska ba? Dije ta kalli bencin da Amina take a cinyar Kulu tana cin gyaɗa.

"Ni ban ce komai ba ranar nan," ta ce. "Ina bayan asabari, 'yata tana hannunsa, babban yatsansa a kan maƙogwaronta. Shi ya yi tambaya a kunnena, shi ya ba da amsa."

Tafinta ya juya, Labaran yana sauraro bai miƙe ba. Sannan ya taso a hankali ya tambaye ta wa ta gani a bakin makewayi da adda.

Hannunta na dama ba ya ɗaguwa, har yau. Ta ɗaga na hagu ta nuna. Muryar da ta fito ban san tana da ita ba, har tabon fuskarta ya ja, ɗigon jini ya fito a gefen bakin.

"Alhaji Sambo. Ba takalmi a ƙafarsa. Alhaji Sambo ne ya yanka mijina."

Tafinta ya buɗe baki zai juya, alƙali ya ɗaga masa hannu. Ya riga ya rubuta.